Gashin Bakina da Tankin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da marigayi gashin bakina ba. Kada ku yi dariya tukuna, ai ba ku gan shi ba. Baƙi ne wuluk, mai kauri, ƙarshensa ya lanƙwaso sama hagu da dama, kullum da safe sai na shafa masa man gyaɗa na murɗe shi kafin in fita. A garejinmu na Kontagora, in baƙon direba ya zo neman mai walda, ba sunana ake faɗa masa ba. Cewa ake yi, "Je ka wajen mai gashin bakin can." Wasu kuma su ce Mai Wuta. Duka biyun suna yi mini daɗi.

Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yi Jihar Neja ba tukuna. Hanyoyinmu kuwa sai wanda ya bi. Motar da ta je Kumbashi ta dawo da salansarta a jiki, direbanta har barka ake yi masa. Saboda haka aiki bai yanke mini ba. In na zuba ruwa a kan kabaid, dutsen nan da ke ba da iskar walda, na kunna bakin wuta, na sauke baƙin tabarau, masu wucewa sukan tsaya kallo. Ni kuma da na ga an tsaya sai in ƙara wuta, ko aikin bai buƙata ba. (Ina son kallo a lokacin, ba zan ɓoye muku ba.)

Ana nan sai Bitrus ya dawo daga soja. Mutumin wajen Kaboji ne, garin su matata, kuma a soja ma gyaran mota ya yi. Gajere ne mai yawan dariya, in yana ba da labari har da tsalle. Ya kafa rumfarsa daura da tawa, ba tukunyar kabaid, ba bakin wuta, ba komai sai wani akwatin gwangwani. A cikin akwatin akwai wasu 'yan bututai biyu-biyu kamar na man goge haƙori. Wai gam ne na ƙarfe. A matso wannan, a matso wancan, a dama su, a shafa a inda ƙarfe ya tsage, a bar shi ya kwana, shi ke nan.

Da na ji haka sai da na zauna don dariya. Ƙarfe fa! Abin da sai ya yi ja kafin ya saurare ka, shi ne za a lallaɓa da kunu?

Daga ranar na sa Bitrus a gaba. In mai mota ya nufi rumfarsa sai in ɗaga murya in ce, "Ranka ya daɗe, in an gama shafa mata koko, ka kawo a yi mata aiki." Gamin nasa kuwa ba sunan da ban raɗa masa ba: majinar Turawa, talgen soja, yawun kwaɗo. Shi dai sai ya yi dariya ya ce, "Mai Wuta, kowane ciwo da maganinsa. Wani wurin wuta, wani wurin gam. Shasi, ƙashin bayan mota, in ya karye ai kai zan kawo wa." Ni kuwa ban yarda a raba garin da ni ba.

Wata rana da la'asar, ana zaune a inuwar ɗorawar da ke tsakiyar gareji, kanikawa da direbobi an cika, musu ya yi zafi. Sai na miƙe, na kama gashin bakina da yatsu biyu, na ce, "Ku zama shaida. Gam na kwanon mata ne, ba na mota ba. Ranar da aka kama ni na shafa wa mota gam, a kira wanzami a aske wannan, a nan, a gaban kowa!" Aka ɗauki shewa. Malam Audu wanzami, wanda ke da tabarmarsa a ƙofar gareji, ya leƙo ya ce shi ma ya ji, kuma kyauta zai yi.

To, ga abin da ba wanda ya sani. Ni Mai Wuta, tsoron tankin mai nake yi. Tun ina koyon aiki wani tanki ya tashi da ni. An ce an wanke shi, na kai masa wuta, sai ji na yi bum, na tsinci kaina cikin tarin tsofaffin tayoyi, ba gira ko ɗaya, kunnena yana kuka. Tun daga nan ko warin fetur na ji ina riƙe da wuta, sai in kashe ta in ja da baya. Duk wanda ya kawo mini tanki, ranar kabaid ɗina ya ƙare. Shekaru ina wannan dabara ba wanda ya lura cewa kabaid ɗina da tanki ba sa haɗuwa a rana ɗaya.

Sai Allah ya kawo Alhaji Mai Gyaɗa. Ɗan kasuwa ne mai a-kori-kura guda, da ita yake kwaso kaya daga ƙauyuka, kuma duk waldar motarsa ni nake yi. Dutse ya daki tankin a hanyar Sahon Rami, ya tsage ta ƙasa, direbansa ya toshe da sabulu suka lallaɓo gida. Aka kwance tankin aka dire shi a gabana. Na buɗe baki zan ce kabaid ya ƙare, sai na tuna ga wutata nan tana ci a hannuna.

Alhaji ya ce, "Mai Wuta, ka ga abin da ya samu. In ba ka da lokaci, ga Bitrus ya ce aikin gam ne."

Kowa ya bar abin da yake yi. Na dubi tankin, na dubi Bitrus, na ji bakina yana cewa, "Haba Alhaji, ina raye? Bar shi nan. Sai dai aikin tanki yana son natsuwa, gida zan kai shi, ina da ƙananan kayan aiki a can." (Abin da nake da shi a gida guduma ce da tsohuwar fatanya.)

Na ɗaure tanki a bayan keke. Na yi ta jan ƙafa har mutane suka ragu, sannan na zagaya ta bayan rumfar Bitrus kamar mai neman wurin fitsari. Na yi gyaran murya na ce, "Soja, ɗan ba ni talgen nan naka. Samirar matata ce ke yoyo, ta dame ni. Ai na faɗa, na kwanon mata ne."

Bitrus ya dube ni, ya dubi kekena da tanki a baya, ya sake dubana. Bai yi dariya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ɗauko bututai biyu ya miƙo mini, ya ce, "Samirar babba ce?"

Na ce, "Da ɗan girma."

Ya ce, "To ka wanke ta da sabulu sosai, ka shanya ta bushe ƙarau. Ka kankare wurin da sanfefa har ya yi fari. Kada maiƙo ya taɓa shi ko kaɗan. Ka dama su daidai wa daida. In ka shafa, kada ka zuba mata... miya sai ta kwana."

Na ce na gode, na hau keke. Ina tafe ina jin daɗin yadda na yi masa wayo.

A gida na bi abin da ya faɗa tiryan-tiryan. Sai dai ni mai fasaha ne, ban tsaya nan ba. Kafin gamin ya daskare na ɗauki gefen cokali na yi ta danna shi a jere, ya fito da 'yan tudu-tudu irin na walda. Da ya bushe na kankaro baƙin gindin tukunya na haɗa da baƙin mai na goga masa. Wallahi ko ubangidana da ya koya mini aiki ya gani, cewa zai yi hannuna ya ƙara faɗawa. Ragowar gamin kuma na liƙe wa matata, Auta, samirarta da ta daɗe tana yoyo, don kada maganar da na faɗa wa Bitrus ta zama ƙarya gaba ɗaya.

Washegari Auta ta cika samira da ruwa, ta ɗaga ta sama tana leƙen gindinta. Ko ɗigo. Ta ce, "Ikon Allah! Maigida, ashe har irin wannan ka iya?"

A nan ne ya kamata in yi shiru. Amma mace ta yabe ni, ga gashin baki ya sha mai. Na gyara zama na ce, "Samira? Samira ai wasa ce. Kin ga tankin motar Alhaji Mai Gyaɗa? Da wannan na liƙe shi, ko ashana ban ƙyasta ba." Ban ce mata sirri ba ne. Ban ga dalili ba, tunda Auta ba ta zuwa gareji, gareji kuma ba ya zuwa wajen Auta.

Aka mayar da tanki. Mota ta je Kumbashi ta dawo, ta je Sahon Rami ta dawo, damina ta sauka mota ta yi ta faɗawa ramuka, tanki ko gumi. Alhaji ya mai da ni abin labari. Duk inda ya tsaya sai ya sa mutane su durƙusa su leƙa ƙarƙashin motarsa su ga waldar Mai Wuta. Mutum mai hankali da sai ya yi ƙasa da murya. Ni sai na ƙara. In na ga Bitrus sai in ce, "Soja, je ka leƙa ka ga yadda maza ke aiki." Shi kuma ya ce, "Na leƙa, Mai Wuta. Aiki ya yi kyau ƙwarai." Ya faɗa da wata irin murya, amma na ɗauka hassada ce.

Abin da ban sani ba, a tsakanin nan surukata ta zo daga Kaboji ganin 'yarta, ta ga samira, ta ji labari, ta koma gida da shi.

Ranar da abin zai faru ranar kasuwa ce, gareji cike. Alhaji ya kawo wani abokinsa mai motoci daga Zuru, wanda ke neman wanda zai riƙa yi masa aiki. An taru a gaban rumfata, baƙon ya leƙa tanki ya taso yana kaɗa kai, ni kuma ina tsaye da tabarau a goshi ina bayani. Har na kai wurin da nake cewa, "Ka ga wannan jerin? Wannan hannu ne da wuta, ba shafe-shafe ba," sai na ji ƙarar kwanuka, kwaram-kwaram, tana matsowa. Na waiga.

Inna ce, mahaifiyar matata. Ta sauka a tasha, tashar kuwa jikin gareji take, ta ga kayan sun yi nauyi, ta ce bari ta sauke su inda za a yi aikin. A kanta wani ƙaton daro, an ɗaure shi da zane, cike da samiru da langogi da butoci da kwanonin sha. Na duk gidansu ne, da na maƙwabta.

Ku da kuka san yadda muke da surukai ba sai na yi muku bayani ba. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi ba. Na cire tabarau, na zube ƙasa a durƙushe, kaina a sunkuye. Mutane suka buɗa mata hanya, aka kashe injin da ke ruri, masu buga guduma suka dakata, don girmamawa. Gareji bai taɓa yin shiru irin na ranar ba.

Abu biyu kuma game da Inna. Na farko, kunnenta ya yi nauyi, saboda haka in tana magana har tasha ana ji. Na biyu, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, kunya ba ta bari. Sai ta nemi wani ta faɗa masa ya faɗa mini, ko da ina gabanta. Ta juya mini baya, ta duba cikin taron, idonta ya faɗa kan ɗan garinsu.

"A'a, Bitrus ɗan Saratu! Kai ne nan? Zo, ɗana, zo ka gaya wa mai gidan Auta ina gaishe shi."

Bitrus ya matso, ya rusuna, ya ce, "Mai Wuta, Inna tana gaishe ka."

Na ce, "Ina amsawa. Sannu da hanya, Inna."

Ta ce, "Ka gaya masa kwanuka na kawo. Ya shafa musu maganin nan da ya shafa wa samirar Auta."

Aka ɗan yi gunaguni, amma na ji sanyi a raina. Kwano ne ai, ban yi rantsuwa a kan kwano ba. Na ce a hankali, "To Inna, a kai gida, za a yi."

Inna ba ta ji ba. Ta ci gaba, tana kwance zanen daro. "Matan garinmu suna ta musu, wai ba zai riƙe ba. Na ce ku rufe mini baki! Maganin da ya liƙe tankin motar Alhaji Mai Gyaɗa da shi, ko ashana bai ƙyasta ba, shi ne zai kasa butarku?"

Jama'a, na taɓa jin tanki ya tashi da ni, amma wannan ya fi shi ƙara.

Ina kallon ƙasa, ina ganin wata tururuwa tana jan ƙwayar gero, na ji ina ma ni ce ita. Sai na ji muryar Alhaji a sama da ni, "Inna, wane tanki kika ce?"

"Na Alhaji Mai Gyaɗa! Ka san shi? Auta ta ce mai gidanta da bakinsa ya faɗa mata. Bitrus, tambaye shi mana, ko ƙarya na yi?"

To ku gaya mini. Mutum ya ƙaryata surukarsa a gaban kasuwa? Ya ce tsohuwar da ta ba shi 'ya ta yi ƙarya, ko 'yar tata ta yi? Da in yi haka gara a aske mini har gira. Bitrus ya durƙuso kusa da ni, idonsa ya cika da hawayen dariyar da yake dannewa, ya ce cikin ladabi, "Mai Wuta, Inna na tambaya, ko ƙarya ta yi?"

Na ce, can ƙasan maƙoshi, "Gaskiya ne."

Inna ta sa hannu a bayan kunne. "Me ya ce?"

Bitrus ya ce, "Mai Wuta, ka san kunnen Inna. Ɗan ɗaga."

Na ce, "Gaskiya ne, Inna."

"Wai ƙarya ne?"

Na rufe ido, na buɗe maƙogwaro, da muryar nan tawa da nake yi wa Bitrus ba'a da ita, na ce, "Gaskiya ne, Inna! Da gam na liƙe shi!"

Gareji ya fashe. Wani direba ya faɗi a kan taya yana riƙe da ciki. Alhaji ya shige ƙarƙashin motarsa da babbar riga, ya kankari waldata da makulli, ya fito yana shinshina baƙin tukunya a yatsansa, dariya ta hana shi magana. Baƙon Zuru ya tambayi ina rumfar mai gamin take. Inna kuwa ta ga ana ta murna, ta ɗauka yabona ake yi, ta ce, "Ai na faɗa muku! Yaron kirki ne, ga hannu."

Ban ɗago ba sai da na ji wani sauti, shaf-shaf, shaf-shaf. Malam Audu ne yake wasa aska a tafin hannunsa, ya riga ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa.

Bitrus, Allah ya saka masa, ya ce a bar maganar, wasa ne. Na so in karɓa, wallahi na so. Amma ni na kira shaidu da bakina, kuma ga su nan duk a tsaye. Na roƙi alfarma ɗaya, a kai Inna rumfar mai fura ta huta tukuna. Aka kai ta. Na zauna a tabarma. Malam Audu ya ce bismilla, ya fara da ɓangaren dama, sannan ya tsaya wai askarsa ta dakushe, ya bar ni da rabi ya yi ta wasa ta a natse har kowa ya ƙoshi da kallo.

Ina zaune a hakan Alhaji ya tambaye ni, tsakani da Allah, me ya kai ni. Na ce, "Tsoron tanki nake yi, Alhaji." Na zaci za a sake fashewa. Sai wani dattijon mai walda da ke can ƙarshen gareji ya ce, "Wa ba ya tsoro? Ni in an kawo mini, cewa nake yi idona na ciwo." Ashe duk shekarun nan da na faɗa, da ba abin da zai same ni.

Da aka gama na shafa wurin, na ji shi sumul, iska tana taɓa inda ba ta taɓa taɓawa ba. Bitrus ya kawo bututansa ya ajiye a gabana, ya ce, "Ga shi, samirun da yawa. Ka tuna, kada a zuba miya sai sun kwana." Na zauna a bakin rumfata, ni Mai Wuta, daro a gabana, ina kankare gindin buta da sanfefa.

Can sai ga Inna ta dawo duba kayanta. Ta tsaya a kaina, ta dube ni sama da ƙasa. Tunda na auri 'yarta ba ta taɓa kallon fuskata kai tsaye ba, gashin bakin take hanga ta gefen ido ta san ni ne. Ta dafa kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Sannu yaro. Ka yi a hankali da butar nan. Ina maigidan naka ya shiga, mai gashin bakin?"

Na ce, "Ya tafi, Inna."

Ta ce, "Me?"

Wannan karon ban maimaita ba.

Daga baya na sake tara shi, amma bai ƙara lanƙwasowa sama ba, ƙasa yake kallo har ya yi fari. Gam kuwa na sayi nawa na ajiye a kan tebur inda kowa zai gani, mai tanki in ya zo in nuna masa bututu, mai shasi in kunna masa wuta. Abin da na koya bai da yawa. In abu ya fi ƙarfinka, ka faɗa tun kana tsaye da takalminka. In kuma rantsuwa ta kama ka dole, ka rantse da hula, ita ana sayar da wata a kasuwa.